Daga Galmi Zuwa Gaya a Bayan Buhun Albasa

Ranar 22 ga Maris 2024 hukumomin Nijar suka buɗe iyakarsu da Najeriya, bayan kusan wata takwas tana rufe. A daren ranar kawuna ya kira ni daga Galmi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, in kana son ganin albasa da idonka, yanzu ne. Ana cira, kuma ina da lodi zuwa Gaya cikin satin nan." Shi ƙanen mahaifiyata ne, ya fi shekara talatin yana fataucin albasa, kuma na daɗe ina roƙonsa ya tafi da ni ko sau ɗaya. Mahaifiyata ta ɗaure masa ƙullin yaji da turmin atamfa na iyalinsa, ta ce in gaya masa ya rage wahalar da kansa. Muna cikin azumi, an sha ruwa goma sha biyu.

Daga Sakkwato zuwa Illela ba wata tafiya ba ce. Na tsallaka Birnin Ƙonni da hantsi, na shiga motar Madawa. Abin da na fara lura da shi a bakin titi shi ne teburan 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur a kwalba, waɗanda mu muke kira 'yan bumburutu. Tun ina yaro na san su a nan, jere kamar masu sayar da manja. Shekara da shekaru man Najeriya mai tallafi ne ke tsallakowa ya riƙe baburan kudancin Nijar da injinan ban ruwansu. Da aka cire tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kwalbar Ƙonni ma ta bi sahu. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba su. Wani dattijo da ke kusa da ni a mota ya ce a watannin nan ne ya gane cewa tuwon gidansa da kwalbar fetur igiya ɗaya ta ɗaure su.

Galmi tana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, kilomita hamsin da 'yan kai gabas da Ƙonni, a gefen kwarin Magiya. Ba babban gari ba ne, amma sunansa ya kai Abijan da Ankarar Gana da Kumasi saboda albasar nan mai launin shuni da Faransawa suka laƙaba wa suna "Violet de Galmi". Nijar na noma albasa fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma tana cikin manyan abubuwan da ƙasar ke fitarwa waje. Tun kafin ka sauka daga mota hanci zai gaya maka ka iso.

Washegari bayan sallar asuba kawu ya kai ni garka. Hanyar mota ta ƙare a bakin gari, ta amalanke ta ci gaba har kan wani tudu, daga nan kuma sai 'yar siririyar hanyar ƙafa tsakanin fangali da fangali. A ƙasan kwarin na ga injinan ban ruwa a bakin rijiyoyi, wasu an sauya musu hanci suna shan iskar gas daga tukunyar girki maimakon fetur, don ta fi sauƙi. Wata huɗu injin nan yana ta bugawa kafin albasa ta ƙosa. Ke nan tun ba ta motsa daga inda aka dasa ta ba, ta riga ta sha mai.

Amma abin da ya tsayar da ni ba injin ba ne. Mata ne, su bakwai ko takwas, suna kwasar albasar da aka yanke wa lawashi suna zubawa a manyan kwanonin roba, suna hawa da ita tudu zuwa inda amalanke ke iya tsayawa. Akwai wata dattijuwa a cikinsu da ta kai sa'ar mahaifiyata. Na tsaya kusa da ita ina kallo. Ta warware wani tsohon ɗankwali, ta naɗe shi gammo da hannu ɗaya, ta ɗora a ka, ta durƙusa. Yarinya biyu suka kama kwanon suka aza mata. Kafin ta miƙe sai da ta dafa gwiwa, jijiyoyin wuyanta suka fito kamar igiyar guga, sannan ta ce "Bismillahi" ta kama hanya, ba takalmi. Na ce, "Inna, sannu da aiki. Sawu nawa kike yi haka?" Ta ce ba ta ƙirgawa, mai garka ne ke ƙirga. Na gwada ɗaga kwanon da ta ajiye, na tabbata ya haura kilo ashirin da biyar. Na zauna a gindin wata bishiya na ƙirga mata da kaina: kafin rana ta take, ta yi sawu goma sha huɗu, kuma da azumi a bakinta. Ladanta kuɗi kaɗan ne da albasar da ta fashe ko ta yi ƙanƙanta, wadda za ta yanka ta shanya.

Ba na jin akwai wani littafin gwamnati ko na wata ƙungiya da aka rubuta wuyan matar nan a cikin lissafin makamashin da ƙasa ke kashewa. Ana ƙirga lita, ana ƙirga gangar mai, ana ƙirga wutar lantarki. Amma zangon farko na kusan duk abincin da ke fita daga ƙauyukanmu, gero ne ko wake ko tumatir, a kan mutum yake tafiya.

A kan tudu aka cika buhuna, aka ɗora biyar-biyar a amalanken jaki. Yaron da ke kora ɗaya daga ciki bai fi shekara goma sha uku ba. Na hau gefe muka tafi tare. Duk inda yashi ya yi zurfi sai ya diro ya sa kafaɗa a bayan amalanken yana turawa yana yi wa jakin magana. Ya ce mini abincin jakin kara ne da harawa, in an yi aiki sosai a ƙara masa dusa. Jakin kuwa ba na banza ba ne yanzu. Da 'yan kasuwar Sin suka buɗe ido kan fatar jaki, wadda suke dafawa su yi wani magani da ita, sai da aka kwashi jakunan Nijar dubbai aka tsallaka da su, farashi ya ninka, har gwamnati ta hana fitar da su a 2016. Wata guda kafin zuwana, a Fabrairun 2024, Tarayyar Afirka ma ta haramta yanka jakuna don fata a duk nahiyar. Wanda bai taɓa ganin hanyar garka ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. A nan kuwa, duk gidan da ya rasa jaki, kayan jakin kan mata da yara yake komawa.

A kasuwar lodi na ga ainihin buhun. Ba irin buhun da muka sani ba ne mai ɗaurin baki. Ana cika shi har ya yi tozo, sannan a ɗinka masa hula da wani yankin buhu a sama, nauyinsa ya wuce kilo ɗari. An jingina katako mai faɗi daga ƙasa zuwa bayan mota. Mutum huɗu za su cicciɓi buhu su aza wa ɗan dako ɗaya a wuya da kafaɗa, shi kuma ya taka katakon nan yana lanƙwasa a ƙarƙashinsa, ya hau ya juye, ya sauko da gudu. Saboda azumi da zafi, sai bayan tarawihi suka fara, suka kai har sahur. Fitilar hannu biyu ce kawai a wurin. Ina jin numfashinsu daga inda nake zaune, da ƙarar katako, da muryar mai ƙirga yana jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani duk buhun da ya hau. Buhu 300 suka loda a daren.

Can tsakar dare wata yarinya ta kawo ƙwaryar fura, suka kewaye ta suna karɓar ludayi. Kawu ya nuna mini su da haɓa ya ce, "Ka ga waɗannan? Su ma injin ne. Mota gazuwal take sha, su hura suke sha. In gero ya yi tsada, dako ma sai ya yi tsada." Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Geron da wata mata ta ɗauko a ka daga gona, ta surfa, ta daka, shi ne man da ke ɗaga albasa zuwa bayan mota.

Da rana kuma na zauna a rumfar dillalai ina sauraron gardamar hanya. Albasar kawu a da Gana take zuwa, kasuwar Kumasi ko ta Adjen Kotoku da ke wajen Ankara, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Tsohuwar hanyarsu ta bi Yamai, Torodi, Kancari, Fada Ngurma, ta faɗa Gana ta Bawku. 'Yan bindiga sun kashe wannan hanya. Sai suka koma bi ta Gaya, su haye gada zuwa Malanbil a Benin, su ratsa Togo. Takunkumi ya rufe gadar, kuma ko da ECOWAS ta ɗage shi a ƙarshen Fabrairu, Nijar ba ta buɗe nata gefen ba. Saura hanyar Tera da Dori da Kaya a Burkina, inda motoci ke taruwa ɗaruruwa su jira rakiyar sojoji. Wani ya ce ai hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kawu ya ce wannan karin maganar ba da albasa aka yi ta ba. Siminti zai jira, gishiri zai jira, albasa a cikin zafin bazara ba ta jiran kowa. Ya yanke shawara: a kai Gaya, a sauke, a tsallaka da ita a kwale-kwale, abokin cinikinsa na Malanbil ya karɓa a can.

Na tambaye shi me ya hana ya ajiye ta a rudu, rumbun kara da ake adana albasa a ciki, har farashi ya tashi bayan damina. Ya ce ya ajiye wadda zai iya. Sauran kuwa manoma na jiran kuɗinsu, su ma masu mai da masu taki na jiran nasu.

Motar tsohuwar tirela ce da ta gama rayuwarta a Turai kafin ta fara wata a nan. Rubutun da ke jikin ƙofarta har yanzu na wani kamfanin can ne, agogon kilomita ya daɗe da tsayawa. Direban mutumin Madawa ne, mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Yaran motarsa biyu, suna ce masa maigida. A gidan mai na tsaya na ga an zuba lita 250 na gazuwal, wato abin da mu muke kira gas. Lita ɗaya sefa 668 a lokacin. Na buga a waya: sefa 167,000, jika ɗari da sittin da bakwai a bakin mutanen can. In ka raba wa buhu 300, kowane buhu ya sha man sefa 550 da 'yan kai kafin ya ga Gaya, tafiyar kusan kilomita 500. Na ce wa direban, "Malam, ai bai yi yawa ba." Ya dube ni ya ce, "Da dawowa fa? In ban samu lodi ba, wa zai biya man dawowa? Ita ce dai." Ya nuna bayan mota da babban yatsa.

Man kansa na gida ne. Daga rijiyoyin Agadem da ke gabas can cikin hamada ake turo ɗanyensa ta bututu zuwa matatar SORAZ a arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. Daga can tankoki ke ɗauko shi su rarraba, su ma suna ƙona wani don su kawo wani. A watan da nake can ana ta maganar sabon bututun da ya kusa kilomita 2,000, wanda zai kai ɗanyen mai daga Agadem har bakin teku a Seme ta ƙasar Benin. Abin ya tsaya mini a rai: an iya shimfiɗa wa mai hanyarsa ta kansa daga hamada zuwa teku, amma albasa da gero har yanzu sai a kan wuya da jaki da tsohuwar mota.

Mun tashi bayan azahar. Malbaza da hayaƙin masana'antar simintinta, Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, Ƙonni, duk muka wuce su a hankali, don motar ba ta wuce gudun kilomita hamsin. Ba a rufe albasa ruf da tamfol, sai an bar mata iska, saboda haka warinta ya cika gaban motar har idona na yaji. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa don zafi.

Shingayen hanya kuwa na daina ƙirga su. Ba zan ce ga na wane ba, masu kaki ne dai iri-iri. A kowane shinge yaron mota zai diro da takardu ya nufi rumfa, mu kuma mu zauna, inji na ta ruri. Da na ga mun yi kusan rabin awa a wani wuri, na ce wa direban me zai hana ya kashe motar. Ya ce batirinta ya yi sanyi, in ya kashe, sai an samu mai ja ko mutum ashirin masu turi. Saboda haka a tsaye ma mai take sha. Na yi ta kallon allurar tanki, ita kaɗai ce ke aiki a cikin agogunan, tana sauka alhali ko taku ɗaya ba mu yi ba. Na taɓa karanta wani binciken Bankin Duniya da ya kwatanta kuɗin dakon tan ɗaya a kilomita ɗaya a shekarar 2007: a Pakistan santi 2 na dalar Amurka, daga Lome zuwa Wagadugu santi 7, daga Duwala zuwa Njamena santi 11. A lokacin lambobi ne kawai a idona. A rumfar shingen nan na ga inda santin ke tafiya: tsohon inji mai zuƙar mai, lodin da ya fi ƙarfin mota, jira, da komawa wayam.

Kafin Dogon Dutsi, daf da magariba, taya ta fashe. Ƙarar kamar an harba bindiga. Direban ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana salati har muka tsaya a gefen wani ƙauye. Jak ɗin ya kasa ɗaga motar saboda nauyi da taushin ƙasa, sai da yaran suka yi ta haƙa suna cusa duwatsu. Mutanen ƙauyen suka kawo mana ruwan randa da kunu muka sha ruwa, ba wanda ya tambaye mu ko su wane ne. Ina zaune a kan tabarmar da suka shimfiɗa mana, mata suna ta wucewa a gabanmu da itace a ka, wasu da jarkokin ruwa, wata da damin kara. Ƙauyen ba wuta, ba ko babur da na gani sai ɗaya. Mai unguwar ya ce ranar kasuwa in mutum yana da tiya goma ta wake, ko ya ɗauka a ka, ko ya biya mai amalanke da tiya ɗaya daga ciki.

A 2022 wasu masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya suka fitar da lissafin cewa jigilar abinci ce ke haifar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na hayaƙin da harkar abinci ke fitarwa a duniya, kuma ƙasashe masu arziki, da ba su wuce kashi 12.5 cikin ɗari na mutanen duniya ba, su ke da kashi 46 na hayaƙin jigilar. A can matsalarsu yawa ce: motoci masu firji, 'ya'yan itace da ake kawowa daga wata nahiya don a ci su ba a lokacinsu ba. Idan na ji ana cewa duniya ta rage ƙona mai wajen safarar abinci, ina yarda, amma ina so a faɗi wa ake nufi. Mutanen da suka ba mu kunu a daren nan ba su da abin ragewa. Abin da suke bukata ƙari ne: hanyar da amalanke zai bi ba tare da yaro ya tura ba, mota mai lafiya, wurin ajiya mai sanyi. Nijar na cikin ƙasashen ƙarshe-ƙarshe a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ɗan man da take ƙonawa a kan hanya daga aljihun mai ci yake fita.

Sai ƙarfe ɗayan dare muka tashi. Awa shida ta tafi. Kafin mu hau, na ga kawu ya zagaya bayan mota, ya cusa hannu tsakanin buhuna har gwiwar hannu, ya zaro ya shinshina. Bai ce komai ba.

Mun yi sahur a Doso. Da gari ya waye, kafin mu karya kudu, direban ya nuna mini layin dogo, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafunansa, awaki na kwance a kai. Kilomita 140 ne daga Yamai zuwa nan, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa shi, aka yi bikin buɗewa a farkon 2016, amma bai taɓa zama hanyar kaya ba. Nufin shi ne ya sauka Gaya ya haɗu da layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku tun zamanin mulkin mallaka. Rikicin shari'a kan wanda ke da haƙƙin aikin ya tsayar da komai. Jirgin ƙasa ɗaya zai ja kayan tirela da yawa da man da bai kai rabin nasu ba. Direban, wanda jirgin zai iya raba shi da sana'arsa, shi ne ya ce, "Da ya yi aiki da mun huta. Sai mu riƙa kawo masa daga ƙauye." Yanzu idon mutane na kan layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa. Allah ya sa kada ya bi sawun wannan.

Hanyar Doso zuwa Gaya ita ce a da maƙogwaron ƙasar. Kafin a rufe gadar, yawancin kayan da Nijar ke saye daga waje ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke shigowa, su yi kilomita dubu da ɗoriya zuwa Yamai, kuma ta nan suke bi. Shinkafar Indiya da ta Tailan, man girki, sukari, madara. Jirgin ruwa kan ɗauko shinkafar ya ratsa teku da ita, kuma man da yake ƙonawa a kan kowane tan a kowace kilomita bai kai kashi ɗaya cikin goma na tirela ba. Zangon ƙarshe na kan tudu shi ne mai cin kuɗi, kuma ƙasar da ba ta da teku ba ta da yadda za ta kauce masa. Ran nan hanyar shiru. Rumfunan masu abinci da na masu faci a rufe, garejin da aka ce a da ba wurin ajiye mota, yara na buga ƙwallo a ciki. Shinkafar a lokacin ta Lome take zagayowa, ta ratsa Burkina da rakiya, ta yi makonni a hanya, kuma duk matar da na ji tana maganar cefane a Doso da kuɗin buhun shinkafa take farawa.

Ƙasa ta fara canzawa, giginya ta yawaita, iska ta yi laushi. Muka shiga Gaya da hantsi.

Ban je kan gadar ba, daga nesa na hango kwantenonin da aka gitta a kanta. Rayuwa duk ta koma bakin ruwa. Kogin Kwara ne, wanda mutanen nan ke kira Isa, ga Malanbil can tsallake kana ganin rufin gidajenta. Tirela ba ta iya sauka gaɓa, sai ta tsaya a sama. Nan aka sake abin da aka yi a Galmi, amma a juye: a sauke buhu a kan wuyan ɗan dako, a ɗora a amalanke ko babur mai ƙafa uku, a gangara, a sake saukewa, wani ɗan dakon ya ɗauka ya shiga ruwa har cinya ya jefa a kwale-kwale. Manyan jiragen katako ne masu injin fetur a baya, ƙanana kuma da sanda da filafili ake tuƙa su. Suna dawowa da shinkafa da jarkokin mai da taliya da mutane. Tazarar da tirela za ta haye cikin minti biyar da man da bai fi kofi ba, ta zama aikin yini guda na mutum arba'in. Na ji Zabarmanci da Dandanci da Hausa da Yarbanci duk a wuri ɗaya. Wani ɗan dako ɗan ƙasar Argungu ya ce mini rufe gadar ya zame musu abinci, amma ya juya ya nuna mini bayan wuyansa. Fatar ta yi kanta, baƙa ƙirin, ta tsage a wuri biyu, ya shafa mata man kaɗanya.

Abokin cinikin kawu ya aiko yaronsa ya duba kaya kafin a tsallaka. Buhunan da suka kwana a tsakiyar lodi, inda iska ba ta kaiwa, su aka fara farkewa. Da aka yanke hular na farko aka zazzage, ta sama lafiya lau, tana sheƙi. Ta tsakiya kuwa ta yi laushi, in ka danna da yatsa sai ruwa ya fito, ɓawon ya yi baƙi. Aka shimfiɗa tamfol aka shiga tsinta. Kawu ya tsuguna shi ma yana tsinta da hannunsa, dattijo mai shekara sittin da wani abu, bakinsa ya bushe da azumi. Zuwa la'asar an tara tsibi guda a gefe wanda ya kai buhu goma sha tara. Ya ɗauki ɗaya daga cikin ruɓaɓɓun ya juya ta a tafin hannunsa ya ce, "Wannan ta sha fetur wata huɗu. Ta hau kan mace, ta hau jaki, ta hau mota. Duk na biya." Ya ajiye ta a hankali a kan tsibin, kamar mai gudun kada ta ƙara fashewa.

Ba a jima ba wasu mata suka zo da kwanoni suka roƙi a bar musu. Suka zauna suna yanke inda ya lalace suna ware mai kyau, za su shanya su yi gabu. Da suka cika kwanonin, kowace ta naɗa gammo, 'yar'uwarta ta aza mata, suka hau gaɓa suka nufi gari.

Buhu na ƙarshe ya shiga jirgi ana kiran magariba. Muka sha ruwa a bakin kogi da dabino uku-uku da ruwan leda. Na kwana a Gaya, da safe na yi sallama da kawu da direban, na bi ta Kamba na shiga Kabi na koma gida, da ƙaramin buhun albasa da kawu ya ce in kai wa yayarsa.

Ana jajibirin salla ya kira ni. Ya ce motar ta kwana shida a Gaya tana jiran lodin komawa. Daga ƙarshe direban ya samu buhu arba'in na garin rogo da 'yan jarkokin manja, ya karɓi gazuwal bashi, ya kamo hanya. Ya ce akwai wani lodin bayan salla, ana nan ana cika buhuna, ya tambaye ni ko an ji wani labari game da gadar.